Amsoshin Tambayoyinku: Ya Ce Bai Taɓa Sayen Ƙwaya Ba, To Wa Ke Ba Shi?

TAMBAYA

Ni malamin firamare ne a garin Anka. Ina da ƙane ɗan shekara 19 wanda nake riƙo tun bayan rasuwar mahaifinmu. Kwanakin baya na ga katin tiramol a aljihun wandonsa, an ɓalle rabi. Da na tsare shi, sai ya rantse mini bai taɓa sayen ƙwaya da kuɗinsa ba, bai ma san mai sayarwa ba, wai abokai ne ke sam masa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, abokan nan na san su, na san iyayensu, tare suka yi makarantar allo, wasunsu ma a tsakar gidanmu suke cin tuwo. Shin gaskiya ya faɗa mini ko rufa-rufa ce? In gaskiya ce, me zai sa aboki ya ba abokinsa abin da zai nakasa shi? Kuma in raba shi da su gaba ɗaya ne, ko yaya zan yi?

Daga wani malamin makaranta, Anka, Jihar Zamfara.

AMSA

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri bisa riƙon zumunci. Tambayoyinka uku ne, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, amsarta a taƙaice ita ce: akwai alamar gaskiya sosai a maganar ƙanenka. Sai dai gaskiyar ba mai kwantar da hankali ba ce. Mu manya idan aka ce mai sayar da ƙwaya, sai mu hango wani baƙo mai jajayen idanu a lungu, yana raɗa. Akwai irinsa, amma yaro ɗan gida da wuya ya fara daga wurinsa. Ƙwaya takan bi hannaye da yawa kafin ta iso: mai shigo da ita ƙasa, babban dila a birni, mai kemis ko mai tallar magani a ranar kasuwa wanda ya sayar da amanarsa, sannan yaro ɗaya a majalisa da ya san hanya. Hannu na ƙarshe, wanda ke miƙa wa ƙanenka, hannun wanda ya yarda da shi ne. Shi ya sa zai iya shekara yana sha, kuma ya rantse bai taɓa ganin dila ba, bai kuma yi ƙarya ba.

Girman matsalar

Kada ka ɗauka gidanku kaɗai abin ya faɗa wa. A watan Janairun 2019 Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, suka fitar da sakamakon babban bincike kan shaye-shaye a Najeriya. Sun gano cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, wato mutum miliyan 14.3, sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da sigari. Miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. A Arewa maso Yamma Kano ce kan gaba da kashi 16, Zamfara na biye mata da kashi 13.5. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Mutum miliyan goma sha huɗu ba za su yi layi gaban dila ba. Abin yana yawo ne ta hanyoyin da mutane suka saba bi tun asali: abota, ƙawance, unguwa ɗaya, sana'a ɗaya.

Haka abin yake har a ƙasashen da suka fi mu hukumomi da kayan aiki. Binciken da gwamnatin Amurka ke yi duk shekara ya sha nuna cewa wajen rabin masu shan ƙwayoyin kashe raɗaɗi ba bisa ƙa'ida ba, daga aboki ko ɗan'uwa suka samu, yawanci ma kyauta.

Yadda take yawo a majalisa

Farkon lamari kyauta ce, kuma kullum da dalilinta mai kama da alheri. Yaro ya dawo daga gona ko daga ramin zinare jikinsa ya yi tsami, abokinsa ya ce, "Karɓi rabi, gajiyar za ta tafi." Ɗan kabu-kabu da zai yi sawu da yawa a hanya marar kyau, abokin aikinsa ya ce, "Wannan ke riƙe mu." Wani kunyar zuwa zance ke damunsa, wani barci ya ƙaurace masa saboda abin da idonsa ya gani ranar da aka tashi ƙauyensu. Ba wanda ke cewa "zo in lalata ka." Cewa ake yi "zo in taimake ka."

Bayan kyauta sai koyarwa. Tun a 1953 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Howard Becker, ya yi hira da masu shan wiwi, ya gano cewa yawanci shan farko ba ya yi wa mutum daɗi. Jiri ne da tashin zuciya da tsoro. Abokai ne ke zaunar da sabon shiga, su ce masa wannan jirin shi ne daɗin, ya daure, gobe zai fi jin sa. Da yaro shi kaɗai ya gwada, da yawa daga ranar za su tuba. Majalisa ce ke mayar da wahala ta zama abin sha'awa.

Sai ramuwa. Ka san yadda biki yake tsakanin matanmu: wadda aka kai wa gudummawa ranar sunanta, dole ta rama ranar na ƙawarta, har da ƙari. To haka ƙwaya take a majalisa. Wanda aka sam wa sau uku, sau huɗu, kunya ba za ta bar shi ya ci gaba da miƙa hannu ba. Ranar da ya samu kuɗin aikin ƙwadago, sai ya ce yau shi zai ɗauki nauyi. Nan ne kuɗinsa suka fara shiga, ko da ƙafarsa ba ta taka wurin mai sayarwa ba. Don haka, Malam, idan ka sake zama da shi, kada ka tambaye shi ko ya taɓa saye. Tambaye shi ko ya taɓa ba da kuɗi a sayo.

Daga nan sai karo-karo. Kowa ya kawo abin da ya samu, a tara, a aiki mutum ɗaya, domin saye da yawa ya fi araha kuma fuska ɗaya kawai mai sayarwa zai gani. Wanda ake aika yakan cire ladan ƙafarsa, ƙwaya ɗaya ko biyu. Sannu a hankali yaran wata unguwa su ji labari, su ma su riƙa ba shi saƙo. Kafin ya farga ya zama ƙaramin dila, alhali in ka kira shi da wannan suna zai yi faɗa da kai, domin a ganinsa abokai kawai yake yi wa hidima.

Abu na ƙarshe da ke ɗaure su shi ne sirri da bashi. Kowa ya san asirin kowa. Wanda ya so ya janye, sai a fara yi masa kallon mai shirin kai ƙara, ko a tuna masa da abin da ake bin sa. Yaro da yawa ba ƙwayar ce ta fi ƙarfinsa tun farko ba, ficewa daga cikin abokai ne ya gagare shi.

A garuruwa irin Anka da Gummi da Bukkuyum wannan hanya ta fi ƙarfi, domin kowa ya san ɗan gidan wane. Ɗan mutunci ba zai tsaya gaban mai sayarwa a ga fuskarsa ba, ga tsoron Hisba da 'yan sanda da jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a Zamfara a shekarar 2000, giya ta ɓace daga sarari, kuma ko ba haka ba warinta na tona asiri. Ƙwaya kuwa ba ta wari, tana shiga aljihu, kuma kamarta ɗaya da maganin asibiti. Haka aka gani da kodin: bayan da BBC ta fitar da fim ɗin bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a ranar 1 ga Mayu. Matakin ya dace, amma kwalbar ta yi tsada ta koma ɓoye, sai wanda ya san wani ke samu. 'Yan mata da matan aure ma ta haka take isa gare su: ƙawa ce ke shigowa da ita har ɗaki, a jakar hannu ko a kwalbar lemo, musamman a hidimar biki.

Me ya sa aboki ke bayarwa?

Wannan ce tambayarka ta biyu, kuma na san ita ta fi yi maka ciwo. Mafi yawansu ba mugunta ce ta sa su ba. Wanda ya ba ƙanenka, shi ma haka aka ba shi, kuma har yanzu yana cikin lokacin da yake ganin amfanin abin bai fara ganin illarsa ba. Akwai kuma son kai a ɓoye, wanda shi kansa ba lallai ya gane ba: mai laifi ba ya son ya zama shi kaɗai, wanda kuka sha tare ba zai tona ka ba, kuma yawan masu karo-karo na rage wa kowa nauyi.

Amma kyakkyawar niyya ba ta canza abin da ke cikin ƙwayar. Tiramol ɗin da hukumar NAFDAC ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini ga babban mutum. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa kasuwanninmu kuwa yakan kai 225 ko 250. Guda biyu kawai sun haura iyakar yini, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wani lokaci ma abin da ke cikin katin ba tiramol ba ne. A Fabrairun 2025 BBC ta bankaɗo yadda wani kamfani a Mumbai ta Indiya ke haɗa wasu magunguna biyu masu haɗari a ƙwaya ɗaya yana turowa Afirka ta Yamma, har gwamnatin Indiya ta hana haɗin. Abokin da ya ce "na san kayan nan, masu kyau ne," launin kati kawai ya sani. Sannan a majalisa ne ake koyon gauraye, a haɗa tiramol da kodin, ko da roci, ko diyazefam. Dukkansu suna danne numfashi. Yaro ya kwanta kamar mai barci, yana minshari, abokai suna cewa a bar shi ya huta, alhali numfashinsa ne ke tafiya.

Addini bai bar wa mai miƙawa mafaka ba. A hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Anas, mutum goma aka la'anta a kan giya, kuma mai sha ɗaya ne kawai daga cikinsu. Akwai mai ɗauko ta, akwai mai zuba wa wani, akwai mai sayo ta. Malamai sun haɗa duk abin da ke gusar da hankali a hukunci ɗaya. Ita ma dokar da ta kafa NDLEA a 1989 ta tanadi ɗauri mai tsawo ga wanda aka kama da kayan a hannunsa, kuma cewa "na abokaina ne" ba ya kuɓutar da kowa a gaban alƙali. Ya kamata limamanmu su riƙa faɗin wannan a huɗuba, domin wa'azinmu ya fi karkata ga mai sha, ya bar mai sammawa yana ganin kansa mai kirki.

Abin da ya ƙara wa yankinku nauyi

Ƙasar Anka da Bukkuyum ta sha wuya a kan zinare. Ba a manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka zauna. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, amma samari ba su daina neman abinci a ramuka ba. Aiki ne na fasa dutse da ɗaukar buhu, nesa da idon iyaye, cikin taron samari daga garuruwa daban-daban. A irin wannan wuri ƙwaya ba ta zuwa da sunan maye, da sunan maganin ƙarfi take zuwa. Ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu suka tare a cikin gari: yaron da ya saba wuni a gona yanzu yana wuni a bakin titi, da baƙin ciki a ransa da lokaci mai yawa a hannunsa.

Akwai haɗari guda da nake so ka sa wa ido. 'Yan bindigar daji manyan masu shan ƙwaya ne, kuma ba sa shigowa kasuwa da kansu. NDLEA ta sha sanar da kama masu kai musu kaya a Zamfara da maƙwabtanta. Yaron da ya saba karɓar saƙon abokai, yana da babur, kuma ana bin sa bashi, shi ne wanda wata rana za a ce wa ya kai wani ƙunshi bakin daji a biya shi da tsoka. Tazarar da ke tsakanin ɗan aiken majalisa da ɗan aiken daji ba ta da yawa.

Ka raba shi da su?

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma bincike ya gaskata su. A lokacin yaƙin Biyetnam, wajen 1971, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da ke can sun kamu da jarabar hodar heroin. Kowa ya ɗauka za su koma gida da ita. Amma da mai bincike Lee Robins ta bi sawunsu, sai ta tarar kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma cikin jarabar a shekarar farko da dawowarsu. Wuri ya canza, abokan sha sun watse, iyali da aiki sun karɓe su. Saboda haka nisanta yaro daga inda ake sha yana da amfani ƙwarai.

Sai dai ka lura, sojojin nan ba ɗaki aka kulle su ba, wata rayuwa suka tarar tana jiransu. Matashi ba ya zama babu abokai. In ka rufe masa ƙofa ba ka buɗe wata ba, zai haura katanga ya koma inda ake yi masa maraba. Duka da tozartawa a gaban jama'a suna ƙara manna shi da su, domin su kaɗai ne ba sa kiran sa ɗan ƙwaya. Mari da sarƙa kuwa, mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan horo, da yawansu da tabon azaba. Ga shawarata.

Ka fara da asibiti. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, in ya daina zai yi fama da ciwon gaɓoɓi da zufa da zawo da rashin barci na kwanaki, kuma wannan wahalar ce ke mayar da shi wurin abokai. Mai shan roci ko diyazefam kuwa, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Ku je babban asibitin garinku, in ya fi ƙarfinsu su tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. NDLEA ma tana da sashen ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba.

Sannan ka tantance abokan, kada ka yi musu kuɗin goro. A kowace majalisa akwai mai kawowa, akwai masu bi, kuma sau da yawa akwai ɗaya ko biyu da ba sa sha ko suke neman hanyar fita. Mai kawowa shi ne za ka yanke alaƙarsa da ƙanenka ba sassauci. Wanda ba ya sha kuwa, jawo shi jiki, domin maganarsa ɗaya ta fi taka goma shiga kunnen tsaransa.

Ka ce ka san iyayensu. Wannan shi ne babban makamin da ke hannunka. Ka same su ɗaya bayan ɗaya, cikin sirri, ba da zargi ba. Kada ka ce "ɗanka ya lalata mini ƙane," ka ce "yaranmu sun shiga wani hali, me za mu yi?" Wasu za su musanta, wasu za su yi fushi, amma za ka tarar da waɗanda suka daɗe suna kuka a ɓoye. Ƙasar Aisland da irin wannan ta gyara matasanta: iyayen unguwa suka yi alkawari a tsakaninsu kan lokacin dawowa gida, hukuma ta zuba kuɗi a wasanni da koyon fasaha bayan makaranta. Daga 1998 zuwa 2016, yawan 'yan shekara 15 da 16 da ke buguwa da giya ya sauko daga kashi 42 zuwa kashi 5. Ba mu da kuɗinsu, amma muna da abin da ya fi kuɗi aiki a nan: mai unguwa, liman, malaman Islamiyya, shugabannin 'yan kabu-kabu da iyaye da suka san juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ka cika masa lokacinsa, musamman daga la'asar zuwa bayan isha'i, lokacin da majalisa ke cika. Koyon sana'a wurin mai gida mai sa ido, ƙungiyar ƙwallo mai koci na kirki, karatun dare, ko wani nauyi a gida da zai ji ana bukatarsa. In hali ya yi ya tafi wurin wani kawu ko baffa a wani gari na 'yan watanni, to, amma da sana'a a hannu. Kuma ka sani, ranar dawowarsa ita ce mafi haɗari: jikinsa ya manta da ƙwayar, in abokai suka yi masa barka da zuwa da adadin da ya saba sha a da, yana iya zama ajalinsa. Ka faɗa masa wannan ƙarara.

Akwai kuma abin da nake so shi da abokansa duka su ji, ko sun daina ko ba su daina ba. Idan wani ya sha ya faɗi, ana tashinsa ba ya tashi, numfashinsa ya yi ƙasa ko leɓɓansa sun canza launi, kada a gudu a bar shi, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita ainihin abin da ya sha. Tsoron tonon asiri ya sa an rasa rayukan da za a iya cetowa.

Daga ƙarshe, Malam, ka shirya wa tafiya mai tsawo. Zai iya dainawa ya koma, ya sake dainawa. Wannan ba ya nufin aikinka ya lalace. Ka tsaya kan sharuɗɗanka, kada ka riƙa ba shi kuɗi a hannu ba lissafi, amma kada ka bari ya yi shakkar cewa gidan nan gidansa ne. Ka fara a wannan makon da abu biyu: ganin likita, da sallama a ƙofar uba ɗaya daga cikin iyayen abokansa. Allah ya shirya shi, ya shirya abokansa tare da shi, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara.